Bangon Waɗanda Suka Tafi

Ranar da Najiba ta haɗu da Mas'udu, kanta a cikin buhu yake.

A bayan wani gidan ɗinkin wandon jins ne a Xintang, kusa da Guangzhou ta ƙasar Caina, inda ake jibge ragowar yadi kafin motar shara ta zo. Matar mai wurin ta saba da ita, da ta hango ta sai ta nuna mata buhunan da haɓa, ta ci gaba da cin taliyarta. Najiba kuwa in ta samu buhun ƙyalle, ko gobara ake yi a bayanta sai an taɓa ta. Shi ya sa ba ta ji lokacin da amalanken kaya ya ƙwace wa lebura ya gangaro kanta ba.

Ihu ta ji, sai ƙarar yagewar yadi. Da ta ɗago, wani dogon saurayi ne ya tokare amalanken da kafaɗa, tayar ta tsaya taku ɗaya daga ƙafarta. Ƙusar jikin katakon ta cafki hannun rigarsa, shuɗiyar shadda mai aikin zare a wuyan hannu, ta cire masa yanki guda.

"Sannu, baiwar Allah," ya ce yana haki. "Mi kike biɗa cikin shara da ya kai ki ba da ranki?"

Daga jin "mi" ɗin nan ta san mutumin Nijar ne.

"Ba shara ba ce," ta ce. "Kayan aiki ne."

"To Allah shi ba da sa'a. Ni dai kayan aikin sun ci mini rigar Juma'a."

Kunya ta kama ta. Ta zare yankin daga jikin ƙusar, ta ce ya aiko mata da rigar ta mayar masa da shi yadda ba wanda zai gane. Ya dubi ƙyallen, ya dube ta, ya yi wani murmushi da ya sa ta sunkuyar da kai.

"Ki riƙe. Ki ƙara cikin kayan aikinki."

Da ya san abin da ɗan ƙyallen nan zai janyo, da a aljihu ya cusa shi.

Kafin su rabu ta ji cewa ɗan Maraɗi ne, shi ke tsaya wa mahaifiyarsa a kan ɗinkin wandunan da take sayarwa a can. Suka yi musayar lamba, wai saboda rigar. Ba ta gama fitowa daga tashar jirgin ƙasa ta unguwarsu Xiaobei ba wayarta ta yi ƙara.

"Assalamu alaikum 'yar tsintuwa. Mas'udu ne, mai hannun riga guda. Kin isa lahiya?"

Ta tsaya a gefen matakala, mutane na ture ta, ta rubuta: "Wa alaikumus salam. Na iso. Allah ya saka da alheri, ya mayar maka da hannun rigarka."

"Amin. Amma ni ta hannunki nika so a maida shi."

Shekara shida ke nan Najiba tana Guangzhou. Bayan rasuwar mahaifiyarta a Kano, mahaifinta Alhaji Munkaila ya ɗauko ta, ta koyi yaren ƙasar, ta zama bakinsa a ofishinsa na kago, inda 'yan kasuwa ke kawo kwalayensu a aika musu gida. A ƙuryar ofishin akwai wani ɗan ɗakin ajiya marar taga. Nan ne nata.

Abin da take yi a ciki ba ta da sunansa da Hausa. Malamarta ta makaranta kolaj take ce masa, Alhaji kuma liƙe-liƙe. Za ta baje kwali, ta yi ta jera masa abin da aka yar: ƙyallen jins, takardar adireshi, salatif mai rubutun Caina, alamar da ake maƙala wa jaka a filin jirgi. Takarda ba ta sa mata almakashi, da hannu take yagawa, ta ce bakin yaga ya fi faɗin gaskiya. Ta shafa gam, ta ɗora wani a kan wani, inda gam ya kasa ta bi da jan zare. Sharaɗin Alhaji ɗaya ne, ban da fuskar mutum, kuma ba ta taɓa karya shi ba.

Kowane kwali na mutum guda ne, kuma mutumin da ya tafi.

Lokacin da ta zo, benen da ofishin yake in ka shiga lifta sai ka rantse a kasuwar Kwari ta Kano kake, gaisuwa ta ko'ina. Yanzu shago uku a rufe, ɗaya a buɗe. Wani bizarsa ta ƙare, wani kasuwa ta juya masa baya, wani ya je gida hutu Allah ya yi masa rasuwa. Duk wanda ya tafi yakan bar wani abu a baya, ko da igiyar ɗaurin kaya ce. Ita Najiba ba ta iya ganin an share mutum an zuba a kwandon shara, tun ranar da ta dawo daga makaranta ta tarar an raba kayan mahaifiyarta kaf, ko ɗankwali ba a bar mata ba. Sai ta tsince, ta haɗa, ta rubuta sunan mai shi da garin da ya nufa a kusurwa, ta rataye. Talatin da ɗaya ne a bangon.

Ba wanda take bari ya shiga. Wannan ɓoyon shi ya fara ba wa baki abin faɗa.

Mas'udu ya fara zuwa ofishin da kwali ɗaya, kayan da a ce mai hankali ne sai ya tara su sati uku kafin ya kawo. Alhaji Munkaila ya duba ma'auni, ya duba saurayin, ya ce, "Samari, wannan kwalin ai iska ce a ciki." Daga ranar ya daina wahalar da kwali, ya nemi izinin zance da Najiba kamar yadda ake yi.

Sukan zauna a gidan abincin musulmi da ke ƙasan benen, bayan la'asar, tebur a tsakaninsu. Yana ce mata Tsintuwata, tana ce masa Ɗan Maraɗi. In ya je Xintang sai ya aiko hoton buhu.

"Tsintuwata, ga wani ya koɗe kamar sararin Maraɗi da hantsi. In kawo?"

"Kawo. Amma ka tambayi lawban, mai wurin, tukuna, kar a ce ka fara sata saboda ni."

"Na tambaya. Ya ce meyo, babu, na ce mishi akwai, ga shi ina gani. Ya yi dariya ya ba ni. Kin ga yadda kika maida ni."

Tana son sa, ba ta ɓoye wa kanta ba. Tana son yadda bai taɓa yi wa aikinta dariyar raini ba, alhali ko sau ɗaya bai gan shi ba.

Wata rana yana ba ta labarin gida ya ce, "Ai Baba ma da ofishinku yake aiki, Allah jiƙan shi. Alhaji Tankari. Shekara ukku ke nan, ya koma gida da kwana goma ya kwanta, bai tashi ba."

Kofin shayin ya kusa suɓuce mata. Alhaji Tankari shi ne na goma sha tara a bangonta.

A nan ya kamata ta faɗa. Bakinta ya buɗe, sai ta tuna abin da ke cikin wannan kwalin, wanda ba nata ba ne, ta fasa. Ta ce a ranta bari sai an yi biki ta ba shi kyauta. "Allah ya jiƙansa" kawai ta ce. Masu hankali ma sukan yi irin wannan wautar.

A satin ne kuma ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ciro yankin hannun rigar nan ta fara haɗa wa mutumin da bai tafi ko'ina ba. Ta shimfiɗa masa jins mai koɗewar sararin Maraɗi, ta sa takardar gidan abincinsu mai tabon shayi, ta ɗinke shaddar a tsakiya da jan zare, ta bi sunansa da zaren harafi-harafi. Bai yi kama da sauran ba. Shi haske ne da shi.

Ranar da ta gama, Mas'udu ya kwanta da zazzaɓi.

Watan Maris ne, lokacin da bangon Guangzhou ke gumi. Ruwa na tsattsafowa daga siminti, madubi ya yi hazo, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Gam ɗin Najiba ya fara saki. Da safe in ta buɗe ɗakin sai ta tarar takardu sun ɗaɗɗago baki, wani suna ya zame ya faɗo ƙasa, warin danshi ya cika wurin. Ta jingina na Mas'udu a kan tebur, nesa da bangon, amma duk da haka in ta kalle shi sai gabanta ya faɗi. Talatin da ɗaya duk sun tafi. Me ya kai ta yin na talatin da biyu?

Dole ta bar ƙofar a buɗe ta kunna fanka. Ta nan Sabiru ya samu hanya.

Sabiru ɗan Kano ne mai shagon kayan waya a hawa na biyu. Sau biyu yana aikowa neman Najiba, sau biyu ana ba shi haƙuri, kuma shi irin mutanen nan ne da ba sa cewa sun ji haushi, sai dai su ƙara faɗaɗa murmushi. Ya kawo kaya tana banki tana yi wa Alhaji tafinta, ya leƙa ɗakin, ya ɗauki hotuna biyu.

Kwana uku bayan haka Hajiya Zeinabou, mahaifiyar Mas'udu, ta sauka daga Maraɗi. Sayayya ta zo, da kuma ganin yarinyar da ta hana ɗanta zuwa gida wata takwas. Ta tarar da shi a kwance ya rame. Kafin ta kwance jakarta Sabiru ya zo gaisuwa, cike da ladabi, ya miƙa mata waya. Hoto na farko sunan mijinta ne marigayi a bango, cikin sunayen mutanen da kowa ya san ba su dawo ba. Na biyu sunan ɗanta ne a ɗinke da jan zare, da yankin rigar da ita da kanta ta kai wa tela.

Ba a buƙatar a yi wa Bahaushiya bayanin abin da ake yi da yankin tufar mutum da sunansa da jan zare.

Najiba ta aika saƙo da safe, ba amsa. Ta aika da azahar, ba amsa. Sai washegari ya shigo.

"Najiba, Inna ta ga hoton ɗakinki. Ni ban yarda da abin da ake hwaɗi ba, Allah shi ne shaidata. Amma sunan Baba mi yake yi a bangonki? Don mi ba ki gaya mini ba ran da na kira miki sunan shi? Ta yanki tikiti, ran Alhamis za mu tahi tare, ta ce wani za ta aiko shi tsaya ma kayan. Ba ni iya ce mata a'a tana kuka."

Najiba ya kira ta. Ba Tsintuwata ba. Ta karanta a tsaye, ta zauna ta sake karantawa.

A lifta matan da suke gaisawa suka fara tattare gefen mayafinsu in ta shigo. Wani tsoho da ya shekara goma yana aiki da su ya aiko a ba shi kwalinsa da ya yage, ya ce kar a yar, shi zai ƙona da kansa.

Alhaji Munkaila ya kira ta bayan an rufe ofis. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Na san ki, Najiba, na san abin da ke ɗakin nan. Amma ni ma ba zan ba da 'yata gidan da ake mata kallon mai asiri ba. Ko dai ki kwashe su a zuba a shara magana ta mutu, ko ki buɗe ƙofa matar nan ta gani da idonta. In ta gani ba ta gamsu ba, kin haƙura da yaron."

"Abba, in ta ce sai ta ga abin da ke ƙarƙashi fa? Sai an ɓamɓare."

"To sai a ɓamɓare."

Ranar Litinin da hantsi Hajiya Zeinabou ta zo. Doguwa ce kamar ɗanta, da carbi a hannu, bakinta na motsi tun daga ƙofa. Mas'udu na bayanta, ya ɗan ji sauƙi amma rigar ta yi masa yawa. Najiba ta durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, barkanku da zuwa. Kun zo lafiya?"

"Lahiya," ta ce, ba ta kalle ta ba. "Ina ɗakin?"

Ta tsaya a tsakiya ta bi bangon da kallo, ruwa na gangarowa tsakanin kwalayen. Ba ta taɓa komai ba. Ta nuna na kan tebur da carbi.

"Wanga na ɗana. Buɗe shi. Duk abin da kika binne ciki ina so in gani."

Wata guda Najiba ta yi tana haɗa shi. Ta ɗauki reza ta tsinke jan zaren, harafin farko na sunansa ya warware, na biyu ya bi. Danshi ya riga ya yi mata rabin aikin, komai sai ɗagowa yake ba gardama, kamar dama jira yake. Tana cirewa tana faɗa.

"Wannan hannun rigarsa ne, ranar da ya tare min amalanke. Shi ya ba ni. Wannan takardar inda muke shan shayi ce. Wannan jins ɗin shi ya roƙo min a Xintang."

Ta ci gaba har ta kai ƙasa. Ba laya, ba gashi, ba ƙasar sawu. Kwali ne tsirara da takardar adireshin ofishinsu a liƙe, an rubuta sunansa, layin da ake sa garin da kaya za su a bar shi fari.

"Nan fa? Don mi ba a cika ba?"

"Sauran duk na rubuta inda suka tafi, Hajiya. Shi ba na so ya tafi ko'ina."

Mas'udu ya juya fuskarsa wajen ƙofa. Hajiya ta ɗaga kai ta nemi na goma sha tara.

"Sauko da na Alhaji."

Najiba ta sauko da shi. Kwali ne mai tabon ruwa, da rubutun alƙalamin maka na hannun marigayin a jiki, sunan Hajiya da lambarta da Maraɗi. A tsakiya akwai wani wuri da ya ɗan tasa, an rufe shi da farin yadi an ɗinke gefe huɗu. Hajiya ta sa ɗan yatsa ta danna, ta janye da sauri.

"Ga ta nan," ta ce a hankali. "Ga layar nan. Yaushe kika ɗauki wanga? Kahin shi bar garin nan ko?"

Alhaji Munkaila ne ya amsa daga bakin ƙofa. "Hajiya, ni zan ba da wannan shaidar. Kwalin nan yana sito aka bugo mana rasuwar. Ruwa ya taɓa shi, ni na sa aka juye kayan a sabo aka aika miki, na ce a yar da tsohon. Alhaji ya yi sati biyu a kabari kafin yarinyar nan ta taɓa shi."

"To mi ta ɓoye?"

Najiba ta tsinke zaren, ta ɗaga farin yadin. Marfin kwalin ne na ciki, an naɗe shi biyu. Ta miƙa da hannu biyu, kanta a ƙasa.

Hajiya ta buɗe. Rubutun mijinta ne, manya-manyan haruffa masu karkata, irin na mai rubutu a tsugune.

"Zeinabou, jan bargon naki ne, kada ki saida. Kin cika jin sanyi."

Hajiya ta karanta, ta shafa rubutun da babban yatsa, ta nemi kujera ba ta samu ba, ta zauna a kan wani kwali.

"Na saida shi," ta ce. "Bargo goma sha biyu ne ciki, na saida su duka. Ban sani ba."

Sai ta ɗago, idonta jawur, ta dubi Najiba a karon farko.

"Shekara ukku maganar mijina ta ƙarshe tana rataye a bangonki. Ga lambata a jiki. Ke wa ya ba ki?"

Wannan tambayar ta fi zargin asiri zafi, domin ita gaskiya ce. Najiba ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Ba wanda ya ba ni. Na gan shi a shara na kasa bari. Na ga magana ce tsakanin miji da mata, na rufe don kar kowa ya karanta, na ɗauka na kyauta. Ban yi tunanin akwai mai jiran ta ba. Da na san Mas'udu ɗansa ne kuma kunya ta hana ni. Laifina ne, Hajiya. Ku yafe min."

Hajiya ta naɗe marfin ta sa cikin jakarta, ta miƙe.

"Mas'udu, mu tahi."

Talata ta wuce shiru. Najiba ta zauna a ɗakin da tarkacen na Mas'udu a gabanta, ta kasa mayarwa, ta kasa zubarwa. Abu ɗaya ta iya yi. Ta bi bangon ɗaya bayan ɗaya tana kwafe lambobin da ke jiki, ta fara aika wa iyalan mutanen saƙo, tana gaya musu abin da ke hannunta, in suna so a aiko musu. Kafin la'asar wata mata a Zinder ta bugo tana kuka tana sa mata albarka, saboda wata 'yar takarda da ƙaninta ya yi lissafin ranar komawarsa gida a kai.

Laraba da yamma, ana gobe tafiya, saƙo ya shigo.

"Tsintuwata. Inna ba ta ci abinci ba jiya, tana ta kallon rubutun. Yau ta ce in tambaye ki ko kina ofis. Ban san mi za ta ce ba. Ni dai ko mi ta ce, zuciyata tana nan inda kika bar layin nan fari."

Hajiya ta shigo ita kaɗai, ta wuce kai tsaye ɗakin. Najiba ta bi ta.

"Na yi fushi da ke," in ji Hajiya. "Har yanzu da saura. Amma na yi tunani, mutum nawa suka ga kwalin nan a shara? Ke ɗai kika duƙa." Ta numfasa. "Wanda ya kawo mini hoto kuwa, na gane shi. Ya yi mini murmushi da yawa."

Ta dubi tarkacen kan teburin.

"Kin iya maida shi yadda yake?"

"Ba zai koma yadda yake ba, Hajiya. Inda aka ɓamɓare sai ya nuna. Sai dai a rufe da wani abu."

"Ba ni almakashi."

Najiba ta miƙa mata ba tare da ta gane ba. Hajiya Zeinabou, matar da ko gashin da ya zube a mataji ba ta bari a ƙasa, wadda in ta yanke farce sai ta binne, ta kamo bakin zanen da ke jikinta ta yanko tsawon tafin hannu. Ta kama hannun Najiba ta sa mata a ciki, ta rufe yatsun da nata.

"Ki rufe da wanga. Kuma ki daina ce mini Hajiya."

Najiba ta fashe da kuka. "Inna," ta ce.

"To, ya isa. Tashi ki kira mini babanki, muna da magana."

Tikitin Alhamis Inna ta ɗaga nata, Mas'udu ya soke nasa. Bayan sati uku, ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, aka ɗaura auren Mas'udu Tankari da Najiba Munkaila a gidan abincin nan na ƙasan bene. Malam Salihu, dattijon 'yan Maraɗi, shi ya karɓa wa ango. Mutanen Kano da na Nijar suka cika wurin har bakin titi, rabon da a ga taro haka a Xiaobei an daɗe. Matan lifta su ne a gaba wajen guɗa. Sabiru ma ya zo, ya yi addu'a da ƙarfi fiye da kowa, ba wanda ya tanka masa.

Ango ya sa shuɗiyar shaddar nan. Hannun dama an cike shi da ƙyallen jins, an bi da jan zare a fili, shi ya ce kar a ɓoye.

A ɗan gidan da suka kama a unguwar Sanyuanli, kwali ɗaya ne a bangon falo. Shadda a tsakiya, bakin zanen Inna ya rufe inda aka ɓamɓare. Ranar da Inna za ta koma Maraɗi, da sabon jan bargo a jakarta wanda amarya ta zaga kasuwa uku kafin ta samo, ta tsaya a gabansa ta daɗe.

"Har yanzu ba ki cika layin ba."

"Inna, ku za ku cika."

Ta karɓi maka, ta yi tunani, ta rubuta kalma ɗaya da haruffa masu karkata irin na mijinta: Gida.

Sannan ta dafa kansu su biyu.

"Allah shi yi muku albarka. Allah shi ba ku zaman lahiya da zuri'a ɗayyiba. Duk inda kuka tahi, Allah shi sa ku tahi tare."

"Amin, Inna," suka ce.

Mas'udu ya ɗauki jakar. Najiba ta duƙa ta tsinci guntun zaren da ya faɗo daga bakin zanen Inna, ta ɗaga shi sama tana tambaya da ido.

Inna ta yi dariya. "Riƙe, ɗiyata. Wanga na ba ki."